Ruɓewar Saiwa a Shukar Cikin Ɗaki: Yadda Ake Ceton Moɗa

1.0 Gabatarwa

A manyan garuruwa, ajiye shuka a tukunya cikin falo ko ofis ya zama ruwan dare. Akan saye ta a bakin titi wurin masu sayar da furanni, a kawo ta gida tana sheƙi, a ajiye ta a kusurwar da ta fi yin kyau. Bayan wata biyar ko shida sai a wayi gari ganye ɗaya ya yi rawaya, wani ya kwanta, ƙasar tukunyar kuma tana wani irin wari. Da mai shuka ya ga haka, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara mata ruwa. Daga nan kwananta ya kusa ƙarewa.

Wannan takarda za ta yi bayanin cutar da ake kira ruɓewar saiwa, wadda tana cikin cututtukan da suka fi kashe shuke-shuken cikin ɗaki. Domin bayanin ya zauna sosai, an ɗauki shuka ɗaya a matsayin misali, wato moɗar da ake ajiyewa a tukunya. Za a duba halittarta, da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa idan ta kamu, da yadda ake bambanta wannan cuta da wasu, sannan a kawo matakan ceto ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan abin da za a faɗa a kanta ya shafi sauran shuke-shuken tukunya.

2.0 Wace Shuka ce Moɗa?

A rubuce, kalmar moɗa tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce ɗan mazubin da ake ɗiban ruwa da shi daga randa. Ta biyu kuwa wata shuka ce mai dogayen ganyaye masu kauri, tsaye cak kamar takubba, wadda ke fitowa a inuwar itatuwa da gindin suri da tsakanin duwatsu. Tun da daɗewa ana fitar da zare mai ƙarfi daga ganyenta, ana tufka igiya da tsarkiyar baka.

Wadda ake ajiyewa a ɗaki ƴar'uwar wannan ce ta kusa. Asalinta daga Afirka ne, tun daga kudancin Najeriya har zuwa Kwango, kuma daga nan ne ta bazu zuwa gidaje da ofisoshi a ko'ina cikin duniya. Sunan da masu jin Ingilishi da Faransanci suka laƙaba mata yana nufin harshen suruka, saboda tsawon ganyenta da tsininsa. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran danginta da sunan Sansevieria, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Thunberg ya yi amfani da shi a shekarar 1794, don girmama wani basarake ɗan Italiya. A shekarar 2017, bayan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kusancinta da wani dangi, aka mayar da sunanta Dracaena trifasciata. Duk da haka tsohon sunan bai bar bakin masu sayar da furanni ba.

Abubuwa uku ne a halittar wannan shuka ya kamata a riƙe, domin su ne tushen duk bayanin da zai biyo baya.

Na farko, ganyenta rumbun ruwa ne. Idan aka yanka shi za a ga cikinsa da kauri da damshi. Wannan ajiya ce ke riƙe ta tsawon makonni ba tare da an shayar da ita ba.

Na biyu, tana da kwantaccen tushe a cikin ƙasa, mai kama da ɗanyar citta. Daga jikinsa ne saiwoyi ke sauka ƙasa, daga jikinsa ne kuma sababbin ganyaye ke tohowa. Shi ma yana ajiye ruwa da abinci.

Na uku, kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda iska ke shiga ta cikinsu, tururin ruwa kuma yana fita. Yawancin shuke-shuke da rana suke buɗe waɗannan ƙofofi. Ita moɗa da dare take buɗe su, lokacin da gari ya yi sanyi, don haka ruwan da take zubarwa kaɗan ne ƙwarai. Abarba ma haka take yi.

Ke nan moɗa an gina ta ne don jure fari. Abin da ba ta da kariya daga gare shi shi ne ƙasa mai jiƙa kullum.

3.0 Abin da Ke Faruwa a Cikin Tukunya

3.1 Saiwa Tana Numfashi

Mutane da yawa sun ɗauka aikin saiwa shan ruwa ne kawai. Alhali saiwa rayayya ce, tana bukatar iskar oksijin kamar yadda mutum ke bukatarta. Ƙasa mai kyau tana da ƴan guraben da iska ke zama a tsakanin ƙwayoyinta. Idan aka zuba ruwa sai ya cika guraben, amma da ya tsane iska takan dawo. Matsala tana farawa ne idan ruwan bai tsane ba. Oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da yake ratsa iska. Saboda haka saiwar da ta kwana da kwanaki a cikin caɓi tana shaƙewa ne, kamar wanda aka danna kansa cikin kogi. Ƙananan saiwoyi ne ke fara mutuwa, kuma su ne masu tsotsar ruwa.

A nan ne ruɗanin yake. Shukar da saiwarta ta mutu ba ta iya shan ruwa, ko da tana tsaye a cikinsa. Sai ganyenta ya yi yaushi, ya yamutse, daidai da yadda yake yi idan ƙishirwa ta kama shi. Mai shuka yana ganin ganye ne, ba ya ganin saiwa, don haka yake ba ta abin da ke kashe ta. Garin neman gira sai a rasa ido.

3.2 Ƙwayoyin Cuta

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saiwar da ta raunana ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin ƙasa tun farko, suna jiran dama. Waɗanda suka fi yin ɓarna a shuke-shuken tukunya iri uku ne.

Akwai masu kama da funfuna waɗanda ke rayuwa cikin ruwa, irin su Pythium da Phytophthora. Waɗannan suna sakin ƙananan ƙwayoyi masu iyo, waɗanda ke bin ruwan da ke cikin ƙasa har su isa saiwa. In babu kwantaccen ruwa, da wuya su yaɗu. Ba abin rainawa ba ne: sunan Phytophthora, wanda masanin nan Bajamushe Anton de Bary ya raɗa a shekarar 1876, yana nufin mai hallaka shuka, kuma wani nau'insa ne ya cinye dankalin Turawa a ƙasar Ayalan daga shekarar 1845, har aka yi babbar yunwa.

Akwai kuma funfuna ta ainihi, kamar Fusarium da Rhizoctonia, masu kama saiwa da gindin ganye.

Na ƙarshe su ne bakteriya, musamman wadda ake kira Pectobacterium. Ita tana narkar da wani sinadari mai kama da ƙaro wanda ke manne ƙwayoyin jikin shuka da juna. Da ya narke sai ganye ya koma kamar dafaffen kabewa, yana tsiyayar ruwa mai ɗoyi. Irin wannan ruɓewa tana da sauri, cikin ƴan kwanaki takan gama da tushe.

Sanin wannan yana da amfani ga mai niyyar zuwa kanti sayen magani. Maganin feshi da aka yi domin funfuna ta ainihi sau da yawa ba ya taɓa Pythium, kuma ba ya kashe bakteriya. Babu kuma maganin da ke mayar da ruɓaɓɓen nama lafiyayye. A gida, wuƙa mai tsabta da busasshiyar ƙasa sun fi kowace kwalba aiki.

3.3 Abubuwan da Ke Sa Ruwa Ya Kwanta

Yawan shayarwa shi ne babban dalili, amma akwai wasu da ke taimaka masa.

Tukunyar da ba ta da huda a gindi rijiya ce. Haka ma farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya, idan aka bar ruwa ya kwana a cikinsa.

Tukunyar da ta fi ƙarfin shuka tana riƙe ƙasa mai yawa wadda saiwa ba ta kai gare ta, don haka tsakiyarta ba ta bushewa.

Ƙasa mai laka, irin ta fadama, tana damƙe ruwa ta hana iska shiga.

Rashin haske yana rage aikin ganye, ganyen da ba ya aiki kuwa ba ya jan ruwa. Moɗa ta yi suna wajen jure duhu, shi ya sa ake kai ta lungunan da wata shuka ba za ta rayu ba. Wani abin da ya ƙara sa ana ajiye ta a rufaffen ɗakin kwana shi ne binciken da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a shekarar 1989, wanda ya nuna cewa wasu shuke-shuke, har da ita, suna tsotse wasu gurɓatattun sinadarai daga iska. Sai dai a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi gwajin. A shekarar 2019 wasu masana na Jami'ar Drexel a Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta taga ke yi. Don haka babu dalilin hana moɗa haske saboda tace iska.

Sanyi ma yana rage mata shan ruwa. A ƙasashen Turai lokacin hunturu ne aka fi asararta. A ƙasashe masu zafi kuwa haɗarin ya fi yawa da damina, lokacin da ƙasa ke daɗewa ba ta bushe ba, da kuma a ɗakunan da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana.

A ƙarshe akwai yawan hannu. Shukar ofis kowa mai ita ne: mai shara ya ba ta ruwa da safe, sakatare ya juye mata ragowar na kofinsa da rana, maigadi ya tausaya mata da yamma. Kowannensu yana ganin alheri ya yi.

4.0 Yadda Ake Gane Cutar

Kafin a ɗauki wuƙa, wajibi ne a tabbatar da abin da ke damun shukar, domin ba kowane rawayan ganye ne ruɓewa ba.

Idan ƙishirwa ce, ganye yakan yamutse a tsaye, amma gindinsa da tauri, ƙasa kuma ta bushe ƙayau har ta janye daga jikin tukunya. Wannan da an shayar da ita za ta farfaɗo cikin ƴan kwanaki.

Idan ƙunar rana ce, za a ga fari-farin tabo busasshe a ɓangaren da ke fuskantar taga. Yakan faru ne idan aka fitar da shukar da ta saba da inuwa zuwa rana kai tsaye.

Idan ƙwari ne, za a ga wasu fararen abubuwa kamar guntayen auduga a maƙale a tsakanin ganyaye. Ana goge su da auduga da aka tsoma a alkol na asibiti.

Idan cutar ganye ce, za a ga tabo mai ruwa-ruwa ko mai launin ƙasa a tsakiyar ganye ko samansa, yana faɗaɗa, alhali gindi lafiya lau. Ɗaya daga cikin masu kawo wannan wata funfuna ce da aka bayyana a ƙasar Japan a shekarar 2006, aka sa mata suna Colletotrichum sansevieriae. Maganinta shi ne a yanke ganyen da ya kamu, a daina jiƙa ganyaye.

Ita ruɓewar saiwa daga ƙasa take hawowa. Alamominta su ne: gindin ganye ya yi laushi, in an matsa ya lotsa, rawaya ta fara daga ƙasa ta yi sama, ganye ya kwanta, in an ja shi kaɗan ya tsinko a hannu, ƙasa tana jiƙe kwanaki da yawa bayan shayarwa, wani lokaci kuma ƴan ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna shawagi a bakin tukunya, domin ƙasa mai damshi suke so. Sai kuma wari. Ruwa ba ya tsami banza, ƙasar tukunya ma haka.

Duk da waɗannan alamomi, tabbaci ɗaya ne: a fitar da shukar a dubi saiwarta. Mutane suna jin tsoron yin haka, suna ganin za su ji mata ciwo. Moɗa lafiyayya ba ta damuwa da a fitar da ita a mayar, marar lafiya kuwa jinkiri ne ke kashe ta.

5.0 Matakan Ceto

Kayan aiki su ne wuƙa mai kaifi ko reza, da alkol, da ruwan jabel (wanda a wasu wurare ake kira bilic), da tsohuwar jarida, da tukunya mai huda, da sabuwar ƙasa.

Mataki na 1: Fitarwa. A kwantar da tukunya, a bubbuga jikinta, a zaro shukar gaba ɗaya da ƙasarta. Kada a ja ta ta ganye. A kakkaɓe ƙasar, a wanke saiwa da ruwa mai tsabta har a ga kowane sashe sarai.

Mataki na 2: Dubawa. Lafiyayyar saiwar moɗa fara ce ko mai launin ruwan goro, kuma tana da ƙwari. Wannan launin bai kamata ya tsorata kowa ba, halittarta ce. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko mai launin ƙasa, tana da santsi, in an ja ta sai ɓawonta ya saɓule ya bar wani siririn zare. Daga nan a matsa kwantaccen tushe da yatsa, sashe-sashe. Abin da aka ji a nan shi ne zai yanke hukunci. In yana da tauri duka, aikin mai sauƙi ne. In wani sashe ya yi laushi, za a raba shi. In duka ya narke, sai a koma ga bayanin da ke sashe na 6.0.

Mataki na 3: Yanka. A goge wuƙa da alkol, a yanke duk saiwar da ta ruɓe. A jikin tushe, a yi ta yanka ana matsawa gaba har sai fuskar yankan ta fito fara tas, babu ɗigon baƙi ko launin ƙasa. Bayan kowane yanka a sake goge wuƙa, in ba haka ba ita za ta kai cutar inda babu. Duk ganyen da gindinsa ya yi laushi a cire shi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tausayi: a bar ɗan guntun da ya fara ɓaci don ganyen da ke kansa yana da kyau. Wannan guntun ya isa ya mayar da aiki baya.

Mataki na 4: Shanya. A shimfiɗa sassan da suka tsira a kan jarida, a inuwa mai iska, kwana 2 zuwa 3, har fuskar yanka ta bushe ta yi ɓawo. Wannan ɓawo shi ne ƙofar da ke rufe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ruwan da ke cikin ganye ya ishi shukar a waɗannan kwanaki.

Mataki na 5: Tukunya. Tsohuwar ƙasa a zubar da ita nesa da sauran shuke-shuke. In za a sake amfani da tsohuwar tukunya, a wanke ta da sabulu, a jiƙa ta minti 30 a cikin haɗin kashi 1 na jabel da kashi 9 na ruwa, sannan a ɗauraye sosai. Tukunyar ƙasa wadda ba a shafa wa fenti ba ta fi ta roba dacewa, domin jikinta yana fitar da damshi, kamar dai yadda randa ke yin gumi. Ta zama daidai da girman saiwar da ta rage, ko da hakan na nufin a koma ga ƙarama. A ɗora tsingaro ɗaya a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Akwai al'adar zuba tsakuwa mai yawa a gindin tukunya da nufin ruwa ya tsane. Wannan ba ya aiki, domin ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa. Abin da yake yi shi ne ya taru a samanta, wato kusa da saiwa.

Mataki na 6: Ƙasa. Ana son ƙasar da ruwa ke wucewa ta cikinta da sauri. Haɗi mai sauƙi shi ne rabi ƙasar lambu marar laka, rabi yashin gulbi mai manyan ƙwayoyi, da ɗan dakakken gawayi. Rairayi mai laushi bai dace ba, domin yana toshe guraben iska. Mai son ya tabbatar ƙasar ba ta ɗauke da cuta yana iya turara ta a madambaci, kamar yadda ake turara dambu. Masu renon shuka suna amfani da zafin da ya kai digiri 82 na ma'aunin Salsiyus har tsawon minti 30. A bar ta ta huce sarai kafin a yi amfani da ita.

Mataki na 7: Dasawa. A dasa shukar daidai zurfin da take a da, kada a binne gindin ganye. In ba ta iya tsayawa saboda ƙarancin saiwa, a kafa mata ɗan kara a ɗaure. Kada a ba ta ruwa sai bayan kamar mako ɗaya.

Abin da aka yanke kada a jefa shi cikin taki, kada kuma a bar shi inda yara ko kyanwa ko kare za su kai baki. Ganyen moɗa yana da wani sinadari da ake kira safonin, mai sa tashin zuciya da amai da gudawa.

6.0 Idan Tushe Ya Tafi

Wani lokaci akan makara, a tarar kwantaccen tushe ya narke gaba ɗaya. Ko a nan ba a yanke ƙauna ba, muddin akwai ganye ɗaya da samansa ke da tauri, domin guntun ganyen moɗa yana iya fitar da saiwa.

A yanke ganyen can sama da inda ruɓewa ta tsaya, a tabbatar fuskar yankan ba ta da tabo. A raba shi gunduwa-gunduwa, kowace mai tsawon santimita 7 zuwa 10. Tun ana yanka a yi wa kowace gunduwa alama a ɓangaren da ke kallon ƙasa, domin in aka dasa ta a kife ba za ta yi saiwa ba. A shanya su kwana 2 zuwa 3, sannan a kafa su zurfin santimita 2 ko 3 a cikin irin ƙasar da aka bayyana. A riƙa yayyafa ruwa kaɗan idan ƙasar ta bushe. Saiwa takan fito cikin wata 1 zuwa 2, sabon toho kuwa yakan ɗauki watanni. Gunduwar da aka dasa ba ta ƙara tsawo. Aikinta shi ne ta haifi sabon tushe, daga shi ne sababbin ganyaye za su fito.

Wannan hanya tana da hasara guda da ya kamata a sani tun farko. Nau'in moɗar da aka fi so shi ne mai rawayan layi a gefen ganye, wanda ake kira Laurentii. Rawayan nan yana zuwa ne daga wani rukunin ƙwayoyi marasa koren launi da ke gefe. Sabon tohon da ke fitowa daga guntun ganye yakan tashi ne daga koren sashe, don haka ƴaƴan sukan fito kore zalla, babu layin. Mai son layin ya dawo dole ne ya sami ko da ɗan guntun lafiyayyen tushe mai ido. Wannan ma wani dalili ne na duba saiwa da wuri: wanda ya yi sauri yakan ceci shukarsa yadda take, wanda ya makara sai dai ya ceci irinta.

In kuwa laushi da ɗoyi sun kai har saman kowane ganye, babu sauran abin ceto. A zubar da ita da ƙasarta, a wanke tukunya da hannuwa, don kada cutar ta koma kan sauran shuke-shuken gida.

7.0 Jinya da Rigakafi

Shukar da aka yi wa wannan aiki tana bukatar haske mai yawa wanda ba rana kai tsaye ba, misali kusa da tagar gabas ko a baranda mai inuwa. A nisanta ta daga bakin na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana yi wa ganyenta lahani, don haka inda dare ke yin sanyi sosai lokacin hunturu gara a shigar da ita ciki.

Kada a sa mata taki sai ta nuna ta kama. Taki abinci ne, ba magani ba ne, kuma gishirin da ke cikin takin zamani yana ƙona sabuwar saiwa.

Game da shayarwa, ƙa'idar ita ce a tambayi ƙasa, kada a tambayi kalanda. A soka yatsa ko siririn tsinke har kusa da gindin tukunya. In ya fito da damshi ko ƙasa ta manne masa, a dakata. In ya fito a bushe, a zuba ruwa sosai a kan ƙasa, ba a tsakiyar ganyaye ba, har ya fito ta huda, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara wannan na iya zama bayan kwana 10 ko mako 2. Da damina ko a ɗaki mai sanyi yana iya kai wata guda ko fiye. A gida ko ofis, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin shayarwa, kowa ya sani.

Alamar farko ta samun sauƙi ita ce in an ja shukar a hankali a ji ƙasa ta riƙe ta. Ta biyu ita ce ɗan koren tsini da zai ɓullo daga ƙasa a gefen tsofaffin ganyaye. Ganyen da ya riga ya yi tabo ba ya warkewa, zai zauna da tabonsa. Moɗa mai jinkirin girma ce, tana iya yin wata 3 ko 4 ba a ga wani canji ba. A wannan lokaci ne hannu ke ƙaiƙayin ƙara ruwa, kuma a nan ne da yawa ke sake kashe abin da suka ceto.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ruɓewar saiwa tana farawa ne da rashin iska a cikin ƙasa, ƙwayoyin cuta kuma su biyo baya. An ga kuma cewa alamominta a ganye suna kama da na ƙishirwa, shi ya sa ake yawan yi mata maganin da ke ƙara ta. Hanyar ceto ita ce a fitar da shuka a dubi saiwa, a yanke abin da ya ruɓe ba tare da ragi ba, a shanya, a dasa a ƙasa mai tsanewa, sannan a yi haƙuri. Matakan wankewa da yankewa da sauya ƙasa sun shafi kusan kowace shukar tukunya, sai dai masu siraran ganyaye ba sa jure doguwar shanya, don haka su akan dasa su nan take. Ita kuwa wannan shuka da ta saba da zaman gindin suri da tsakanin duwatsu, a cikin ɗaki abin da ya fi yi mata barazana shi ne takwararta, moɗar ɗiban ruwa.